Yadda ake kafa ƙungiyar motsa jiki da girki ta iyaye masu riƙon ƴaƴa su kaɗai a unguwannin Tawa

A Tawa, cikin Jamhuriyar Nijar, gidan da mutum ɗaya yake riƙe da shi ba baƙon abu ba ne. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, akwai wadda aurenta ya mutu yara suka zauna a hannunta, akwai kuma wadda mijinta ya tafi biɗa Abijan ko Libiya ko Aljeriya, saƙonsa ya zo wannan wata, wata mai zuwa a ji shiru, kuma irin waɗannan suna da yawa a ƙasar Adar, wato yankin Tawa. Ana samun maza ma, waɗanda matansu suka rasu suka bar musu yara ƙanana. Dukansu lafiyar jikinsu ce ta ƙarshe a lissafi: yara su ci, a biya haya, a sayi littafin makaranta, sannan idan wani abu ya rage uwa ta tuna da ciwon bayan da ke damunta.

Yawancin waɗannan iyaye sun san zogale yana da amfani, sun kuma san zama wuri ɗaya yana kashe jiki. Abin da ya tsare su shi ne ƙarancin lokaci, ƙarancin kuɗi, rashin wanda za a bar wa yara, da kuma bakin mutane, musamman a kan bazawarar da aka ga tana fita da sassafe. Duk ƙungiyar da ba ta warware waɗannan huɗu ba tun kafin ranar farko, za ta cika a satin farko ta watse a na huɗu. Matakan da ke biye an jera su ne bisa wannan la'akari.

Mataki na farko: a fara da waɗanda suka saba haɗuwa

Kada a fara da shela a unguwa. A nemi mata 3 ko 4 da suka san juna, waɗanda suke cikin adashi ɗaya ko asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kuma ya bazu a ƙasar nan. Matan asusu sun riga sun saba da zuwa kan lokaci, da zubi, da riƙe amanar kuɗi, saboda haka abin da za a ƙara musu kaɗan ne. Kowacce ta gayyato mata biyu ko uku da ta san suna fama su kaɗai, har a kai 12 zuwa 15. Fiye da haka tabarma ba ta ɗauka, kuma masu kunya sai su yi shiru.

Yadda ake gayyata yana da muhimmanci. Babu macen da take son a kira ta taron zawarawa ko taron mabukata, don haka kada sunan ƙungiya ya nuna halin da mambobinta suke ciki. Ya isa a ce: "Yaya, ranar Asabar muna turara dambu a gidan Inna, ki zo da yara, za mu ɗan miƙe ƙafa kafin rana ta yi." A bar ƙofa a buɗe ga matan aure biyu ko uku da dattijuwa ɗaya mai mutunci a unguwa, domin zamansu a ciki yana rufe bakin masu tsegumi fiye da kowane bayani. Wadda take cikin takaba, wato wata 4 da kwana 10, ba a matsa mata ta fito. A aika mata da rabonta na abinci, a riƙa leƙa ta, idan ta fita sai ta tarar da gurbinta.

A zaman farko a tambayi kowacce yadda yininta yake tafiya daga asuba zuwa isha'i, a rubuta. Wannan tambaya ce za ta nuna ranar da ta dace da kowa, kuma ita ce za ta raba mambobi gida biyu, kamar yadda za a gani a wajen motsa jiki.

Mataki na biyu: yardar manya da wurin haɗuwa

Mata biyu tare da dattijuwar su je gaida mai unguwa da limami kafin a fara komai. A faɗi magana a taƙaice: "Ranka ya daɗe, mu ƴaƴanka ne masu riƙon yara, muna so mu riƙa haɗuwa sau biyu a sati saboda lafiyar jiki da abincin yara, mun zo neman izini da albarka." Wanda aka sanar tun farko yakan zama mai kare ƙungiya idan magana ta taso daga baya.

Wurin da ya fi dacewa shi ne mai katanga, mai inuwa, wanda babu mambar da za ta yi tafiyar fiye da minti 10 kafin ta isa. Farfajiyar makaranta a ranar da ba a karatu, ko gidan mata na unguwa, ko babban gida mai fili, duk suna yi. A guji wurin da sai an hau kabu-kabu, domin kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya hana mace zuwa. A duba akwai makewayi da ruwan sha. Takardar amincewa daga ma'aikatar magajin gari tana da amfani idan ƙungiya ta zauna da gindinta tana son buɗe asusu ko neman tallafi, amma ba ita ce aikin watan farko ba.

Mataki na uku: awo a gidan likita

Kafin kowa ta fara sassarfa, a je gidan likita na unguwa, wato CSI, a roƙi majo, wato shugaban wurin, ya ware lokaci a auna hawan jinin dukan mambobi, ko ya turo ma'aikaci ranar haɗuwa. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da ciwo ba. Wadda awonta ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban, tana bukatar likita ya bi lamarinta. Wadda ya kai 180 bisa 110 kada ta shiga motsa jiki sai an duba ta an ba ta izini. Mai ciki, da wadda ta haihu kwanan nan, musamman idan tiyata aka yi mata, ta tambayi ungozoma abin da za ta iya. Mai ciwon sukari da take shan magani kada ta fito da yunwa, kuma ta ƙulle dabino biyu a bakin zane saboda jiri.

A wannan rana a nemi a koya wa uwaye awon dantsen yara masu wata 6 zuwa 59 da igiyar awo mai launi uku. Kore lafiya ne. Rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, alamar tamowa ce da ke bukatar a kai yaro a duba. Ja, ƙasa da 11.5, ko kumburin ƙafafu biyu, a tafi gidan likita a ranar. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma yana da kyau a tafi da ɗan guzuri ko da za a rubuta maganin da sai an saya a waje.

Mataki na huɗu: wa zai riƙe yara

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake riƙe sauran. A kowane zama mata biyu su zauna da yara a inuwa, a riƙa yi karɓa-karɓa bisa jerin sunaye da aka rubuta, ta yadda kowacce za ta san ranarta tun da wuri. Kada a ɗora rainon a kan ƴaƴa mata masu zuwa makaranta, domin su ma a gida aikin ya riga ya yi musu yawa. Yaran da suka tasa a sake su da ƙwallo da igiya da langa a gefen fili. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana so masu shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 na wasan motsa jiki kowace rana, kuma a nan za su samu wani kaso ba tare da an ce musu komai ba. Mai goyo tana iya tafiya da ɗanta a baya, amma ta sauke shi kafin atisayen durƙuso.

Mataki na biyar: motsa jikin kansa

Shawarar da OMS ta fitar a 2020 ita ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Abin lura shi ne hukumar tana lissafa aikin gida da tafiya zuwa kasuwa a cikin wannan adadi. Saboda haka matar da take daka, take jan ruwa, take tura kura da jarkoki masu lita 25, ta riga ta cika mintocinta har ta wuce, kuma sa ta zagaye fili a guje ƙarin wahala ne kawai. Abin da take bukata shi ne miƙa baya da wuya da kafaɗu, da koyon ɗaukar kaya ta hanyar lanƙwasa gwiwa a bar baya a miƙe, da awa ɗaya wadda babu mai kiran sunanta. Ita kuwa mai ɗinki, da mai tuyar ƙosai ko awara, da mai zaman tebur a kasuwa, waɗanda suke yini a kan kujera ƴar tsugunne, su ne masu bukatar tafiya. Idan aka haɗa kowa a atisaye ɗaya, rabi za su gaji a banza, rabi kuma ba za su samu abin da ya kawo su ba.

Zama ɗaya na minti 45 ya isa. Minti 5 na farko a yi tafiya a hankali ana juya kafaɗu da ƙugu. Daga nan masu zaman wuri ɗaya su yi minti 20 na sassarfa, gwargwadon yadda mace za ta iya magana amma ba za ta iya rera waƙa ba, su kuma masu aikin ƙarfi su shimfiɗa tabarma su yi miƙa. Sai a haɗu a yi minti 10 na ƙarfafa jiki: a zauna a benci a tashi ba tare da dafa gwiwa ba sau 10, a dafa bango da hannu biyu a tura jiki sau 10, a ɗaga gorar roba da aka cika da yashi sama da kai sau 10, a huta, a maimaita. Sauran lokacin a yi gaɗa. Ba a bukatar koya wa kowa tafi da juyi, mata sun iya tun suna ƴan mata, kuma a nan ne wadda ta zo da fuska a murtuke takan saki jiki.

A satin farko da na biyu a rage komai zuwa rabi. Sutura ita ce wadda mace ta saba da ita, sai dai wando a ƙarƙashin zane da hijabi mara nauyi sun fi sauƙi, takalmi kuma ya zama mai riƙe dunduniya saboda ƙaya da tsakuwa. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi yana sarƙewa, ta tsaya nan take a zaunar da ita a inuwa, idan bai lafa ba a kai ta asibiti.

Lokaci yana bin yanayin shekara. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, babu lokacin da ya dace sai bayan sallar asuba, kuma kowa ta zo da ruwanta. Da hunturu, idan ƙura ta yi yawa, a jinkirta zuwa hantsi ko la'asar, masu asma su rufe hanci ko su tsaya kan miƙa a cikin rumfa. Da azumi a ajiye sassarfa, a bar miƙa kaɗai, ko a mayar da ɗan zagaye bayan asham. Da damina, idan wasu sun koma gona, noma ya isa motsa jiki, sai a rage haɗuwa zuwa sau ɗaya a sati don kada zumunci ya yanke.

Mataki na shida: tukunya ɗaya a sati

Ranar girki ita ce ke jawo mutane, don haka a haɗa ta da ɗaya daga cikin ranakun motsa jiki. Ƙa'idar ita ce ba a dafa abin da mamba ba za ta iya maimaitawa a gidanta da kuɗin cefanenta ba. Girkin da ya dogara da gwangwani da naman kilo ba koyarwa ba ne, biki ne.

Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da ma'auni mai sauƙi ga mata: abinci ya kasu rukuni 10, kuma ana so mace ta ci daga 5 aƙalla a yini. Rukunan su ne hatsi da rogo da dangoginsu, wake, gyaɗa da riɗi, nono da cuku, nama da kifi, ƙwai, ganye mai duhun kore, masu launin ja-ja irin su karoti da kabewa da nunannen mangwaro, sauran kayan lambu, da sauran ƴaƴan itace. A kallon farko biyar yana da yawa, amma a duba kwanon dambu guda. Tsakin hatsi ko na masara rukuni ɗaya ne. Zogalen da aka tafasa aka matse aka cuɗa a ciki na biyu. Ƙuli-ƙulin da aka daka aka barbaɗa na uku. Albasa da tumatir da aka yanka da yawa, ba don ƙamshi kaɗai ba, na huɗu. Idan aka zuba ludayi ɗaya na dafaffen wake an cika biyar, ba a sayi ko tsoka ɗaya ba. Furar rana da nono ta kai shida.

Jihar Tawa tana da abin da za a juya tukunya da shi duk shekara: albasar Galmi da gabu, kifin tafkin Tabalak ɗanye ko busasshe, cuku daga wajen Abalak, ƙwan zabi da ke araha da damina, tafasa da yakuwa da rama da lalo idan ruwa ya sauka, kabeji da karoti da salati daga lambunan rani da sanyi, mangwaro da bazara. Kowane sati a zaɓi abin da ya fi araha a kasuwa, a gina girki a kansa.

Abubuwa uku ake gyarawa a hankali. Na farko gishiri: OMS ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya wajen rabinsa gishiri ne, saboda haka idan an saba jefa uku a koma biyu, daga baya ɗaya, a cike gurbin da daddawa da gabu da citta da garin busasshen kifi. A rage sati bayan sati, domin idan aka cire gaba ɗaya yara za su ture kwano. Gishirin da ake saya ya zama mai sinadarin ayodin. Na biyu sukari a fura da kunu da shayi da lemun kwalba. Na uku kanwa: maimakon a zuba ta da yawa don wake ya yi saurin nuna, a jiƙa shi tun dare, abin da ke rage itace ko gawayi kuma ya bar wa waken amfaninsa. Mai fama da ƙarancin jini ta raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya, ta matsa lemun tsami a kan wake ko ganye, domin shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, tsami kuma yana taimaka masa.

Sau ɗaya a wata a yi garin kunun yara tare: awo 3 na hatsi, awo 1 na wake, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yamutse a zubar, a niƙa, a raba. Kunun ya yi kauri har ya zauna a cokali, a ɗiga masa mai kaɗan. Na yaran da suka cika wata 6 ne. Kafin nan nonon uwa zalla. Wanke hannu da sabulu kafin girki da kafin ci doka ce, a ajiye buta da sabulu a bakin rumfa.

A ci tare a wurin, kuma a zuba wa uwaye nasu kwano daban. Idan aka ce kowa ta tafi da nata gida, yara ne za su cinye, uwa ta lashe cokali.

Mataki na bakwai: kuɗi da tanadi

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka ƙungiya ta fara da zubinta kafin ta nemi na waje. A tsayar da abin da mafi ƙarancin hali za ta iya, misali dala 20 ko 40 ta kuɗin sefa a sati, wato CFA 100 ko 200, kuma a yarda a biya da kaya: gwangwanin wake, ƙullin zogale, itace, ko aikin wanke-wanke. Kuɗin tukunya da kuɗin taimakon gaggawa a raba su jaka biyu, a sa a akwati mai makulli uku a hannun mata uku, a ƙirga a gaban kowa.

Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, farashin wake da gyaɗa da hatsi yana sauka, kuma a lokacin ne ya kamata a sayi tiyoyin da za su kai ƙungiya bazara. Wake a zuba shi a buhun PICS, wato buhun adana amfanin gona mai ninki uku da ke hana iska shiga, a ɗaure kowane ninki da kyau, yana hana ƙwari ba tare da magani ba, muddin waken ya bushe sosai kuma ba a riƙa buɗewa. Ganyen damina a shanya shi a inuwa, ba a tsakar rana ba, a adana a mazubi mai murfi. Idan akwai ruwan wanke hatsi da ake zubarwa, kowacce ta shuka zogale biyu a kusurwar gida ta kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Mataki na takwas: abin da ke cikin zuciya

Bayan cin abinci a bar minti 15 na hira, ba tare da jawabi ba. Sharaɗi ɗaya ne: abin da aka faɗa a kan tabarma ba ya fita ƙofa, wadda ta fitar kuma a yi mata magana a gaban dattijuwa. Shugabar ƙungiya ta lura da wadda ta daina zuwa, ko ta rame, ko take cewa barci ya ƙaurace mata, ko ta daina kula da kanta da yara har sati biyu ko fiye. Irin wannan a bi ta gida, a saurare ta, a raka ta wajen likita, domin baƙin cikin da ya daɗe ciwo ne da ake magani. Wadda ta ambaci cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai a ranar, kuma a sanar da wani na jikinta da ta yarda da shi.

Maza masu riƙon yara su yi tasu ƙungiya daban, ko da mutum biyar ne, su haɗu a filin ƙwallo ko a zagaye filin kokawa bayan asuba. Yawancinsu matsalarsu ita ce abincin saye da shayi mai sukari sau uku a yini, don haka a nemi dattijuwa ta koya musu girki uku masu sauƙi: wake da shinkafa, kwaɗon zogale, da kunun yara.

Mataki na tara: a duba bayan wata uku

Kada a auna nasara da sikeli, domin a cikin ƙungiya akwai mai bukatar ragewa, akwai mai bukatar ƙaruwa. A buɗe littafi a duba mata nawa ne suke zuwa har yanzu, a sake auna hawan jini da dantsen yara, a tambayi kowacce abin da ta ci jiya a ƙirga rukunai. Waɗanda suka daina zuwa a tambaye su dalili ɗaya bayan ɗaya. Idan amsar ta zama lokaci, a sauya rana, idan zubi ne a rage shi. Idan masu son shiga sun kai ƙungiya ta wuce 20, a raba ta biyu bisa kusancin gidaje, a ba sabuwar mata biyu daga cikin na farko da rabin waken da aka adana, ta nemi nata fili da nata akwati.